Halittun Da Allah Ya Zaunar A Cikin Hanjinmu



'Yan uwa masu bibiyar wannan shafi, kun saba ganin rubutuna a kan tsarki da salla da hukunce-hukuncen ciniki. Yau kuwa a kan hanji zan yi magana. Eh, hanji dai, wanda idan an yanka rago ake miƙa wa yara su je su wanke. Kada wani ya ce Malam ya ajiye littafi ya koma aikin likita. Abin da ya jawo maganar a cikin gidana ya faru, kuma da hannuna a cikin laifin, shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

A daminar da ta wuce, jikana, yaro ɗan wata goma, ya kamu da zawo a nan Fakuwa. Mata suka duba suka ce haƙori ne. Ai kun san maganar: duk zawon da yaro ya yi daga wata shida har yaye, haƙori ake ɗora wa laifi. Kwana biyu abin bai tsaya ba, sai ubansa ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, zan leƙa kemis." Ni na sa hannu a aljihu na ba shi kuɗin. Ya dawo da kafso ja da yalo guda huɗu, da wata kwalbar magani na ruwa. Aka riƙa ɓare kafson ana zuba garin a cokali ana ɗura wa yaro. Ni kuma ina yi masa tofi safe da yamma, a zuciyata ina cewa ai an haɗa addu'a da magani, saura jiran sauƙi daga Allah. Zawon ya lafa yini ɗaya ya dawo. Aka koma kemis aka canjo wani maganin. A rana ta tara uwarsa ta shigo da shi zaure bayan sallar asuba, ba ta ce komai ba, miƙo mini shi kawai ta yi. Maɗigarsa ta faɗa, idanu sun zurma, yana kuka babu hawaye.

A kan mashin muka kai shi asibiti a Kankiya. Aka sa masa ƙarin ruwa. Wata ma'aikaciyar jinya, dattijuwa, ta tambayi abin da muka ba shi, muka zazzage mata ledar. Ta daɗe tana kallon kwalayen, sannan ta ce, "Malam, ka gafarce ni. Da ruwan gishiri da sukari kuka ba shi tun ranar farko, da wataƙila ba ku zo nan ba. Waɗannan magungunan masu gadin cikinsa suka kashe."

Masu gadi a cikin ciki? Maganar nan ta hana ni barci. Da Allah Ya ba yaron lafiya muka dawo gida, sai na nemi wani tsohon ɗalibina wanda yanzu likita ne, na ce masa, "Yau kai ne malami, ni ne ɗalibi." Mun yi zama uku, na kuma karanta abin da ya turo mini. Ga abin da na fahimta, kuma wallahi ban taɓa jin girman ayar nan ta Suratu Zariyat, aya ta 21, inda Allah Yake jan hankalinmu mu duba ayoyinSa a cikin kawunanmu, kamar yadda na ji shi a kwanakin nan ba.

A cikin hanjin kowane ɗayanmu akwai halittu masu rai, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganin su sai da madubin likita. Ana ce musu bakteriya. Mu da mun ji wannan suna sai mu ce ƙwayoyin cuta, to ashe masu cutarwa a cikinsu 'yan kaɗan ne. Wani lissafi da masana suka fitar a shekarar 2016 ya ƙiyasta cewa a jikin baligi ɗaya akwai bakteriya kusan tiriliyan 38, mafi yawansu a babban hanji, alhali ƙwayoyin halittar jikin mutumin da kansa kusan tiriliyan 30 ne. Mutanen duniya gaba ɗaya biliyan 8 ne da 'yan kai. Ke nan abin da ke cikinka kai kaɗai ya ninka yawan mutanen duniya fiye da sau 4,000. Amma da za a tara su a ɗora a sikeli, nauyinsu bai wuce giram 200 ba. Subhanallah! Kana tsaye a sahu kana ganin kai kaɗai ne a cikin rigarka, ashe al'umma guda ka taho da ita masallaci.

Ɗan Adam bai san da irin waɗannan halittu ba sai a ƙarni na 17, lokacin da wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, ana ce masa Leeuwenhoek, ya ƙera madubi da hannunsa. A 1683 ya kankaro dattin haƙoransa ya duba, ya ga abubuwa suna motsi. Dubban shekaru suna yi wa kakanninmu hidima ba wanda ya san da su, balle ya gode. Suratul Muddassir, aya ta 31, ta sanar da mu cewa sanin rundunonin Ubangiji na Shi kaɗai ne. Ayar a kan mala'iku take magana, kuma ba na cewa tafsirinta bakteriya ne; ban yarda da masu ɗauko kowane sabon bincike su manna shi a jikin aya ba. Ina dai cewa wanda ya ji wannan adadi, dole ayar ta faɗo masa a rai.

To ga inda abin mamakin yake. Allah Ya sanya mana garkuwar jiki, wato wasu ƙwayoyin halitta da aikinsu shi ne su kama duk baƙon da ya shigo su kashe. Idan ƙaya ta soke ka wurin ya kumbura ya yi ruwa, gawarwakinsu ne da na abokan gaba ka gani. Kaso mai yawa na waɗannan dakaru a bangon hanji aka girke su, domin nan ce babbar ƙofar da duniya ke shigowa jikinka: tuwo, ruwa, ƙura, dattin hannu, duk ta nan. Tambayar da na yi wa ɗalibina ita ce: in dai dakarun nan aikinsu kashe baƙo ne, ga kuma baƙi tiriliyan 38 a gabansu, me ya hana yaƙi ya ɓarke a cikinmu dare da rana?

Ya ce, "Malam, ka ɗauka hanji birni ne mai ganuwa." Ganuwar kuwa siririya ce ta ban tsoro, domin kaurinta ƙwayar halitta ɗaya ne tak, an jera su kafaɗa da kafaɗa kamar sahun salla. A bayanta jininka ne, a gabanta kuma abin da ka sani. Ganuwar nan ana sabunta ta duk bayan kwana uku zuwa biyar, tsofaffin tubala su zube, sababbi su hau, kai ba ka ma sani ba. A gaban ganuwar akwai yauƙi da hanjin ke fitarwa, kamar yauƙin kuɓewa. A babban hanji hawa biyu ne: na waje, bakteriya na zaune a cikinsa suna ci suna sha, na ciki, wanda ya manne da ganuwar, an hana su shiga. An ba su unguwa, an kuma sa musu iyaka.

Su kuma dakarun ba zaman jira suke yi ba. Akwai wasu masu leƙen asiri da ke ɗauko samfurin abin da ke wucewa su kai shi wasu 'yan tungaye da ke jikin bangon ƙaramin hanji, waɗanda wani likita ɗan ƙasar Siwizalan mai suna Peyer ya bayyana tun 1677. A can ake tantancewa: wannan ɗan gari ne, wannan kuwa ɓarawo ne. Daga nan jiki ke ƙera wani sinadari da ake kira IgA, giram da yawa a kowace rana, a zuba shi cikin hanji. Aikinsa ya manne wa bakteriya ya hana su matsowa jikin ganuwa, ba tare da an zubar da jini ba. Kamar dabaibayi ne: dabba na nan tana kiwo, amma ba za ta faɗa gonar mutane ba.

Akwai kuma wani rukuni a cikin dakarun wanda shi ya fi burge ni. Su aikinsu ba faɗa ba ne, hana faɗa ne. Idan sauran suka harzuƙa suka zare makamai a kan wanda bai yi laifi ba, su ne dattawan da ke cewa a mayar da wuƙa kube. To ku ji hikimar Allah: bakteriyar nan ta hanji ita ce ke taimakawa wajen yawaita waɗannan dattawan. Akwai ɓangaren abinci da cikinmu ba ya iya narkarwa, irin dusar hatsi da ɓawon wake da zaren ganye. Shi ne rabon bakteriya. Idan suka ci sai su fitar da wasu sinadarai, ɗaya daga ciki shi ne babban abincin tubalan ganuwar babban hanji, kuma shi ne ke ƙarfafa masu sulhun nan. Kai ka ciyar da su da abin da ba ya amfanar ka, su kuma su ciyar da ganuwarka, su kwantar wa sojojinka da hankali. Bayan haka suna samar da wasu sinadaran bitamin. Sannan yawansu kansa kariya ne, domin sun cike ko'ina, muguwar ƙwaya idan ta shigo ba ta samun wurin zama ba ta samun abinci. Kowane manomi ya san gonar da shuka ta rufe, ciyawa ba ta samun sarari.

An gwada wannan a kan ɓeraye. Masana suna kiwon ɓeraye a cikin akwatunan da ba a bari ko ƙwayar bakteriya ɗaya ta shiga, tun daga haihuwa. Kai za ka ce ai waɗannan su ne za su fi kowa lafiya. Ina! Garkuwar jikinsu ba ta ginuwa yadda ya kamata, tungayen nan na hanji ƙanana suke fitowa, IgA ɗan kaɗan. Sojan da bai taɓa ganin mutanen gari ba, ta yaya zai gane ɓarawo? Akwai kuma cututtukan kumburin hanji masu daɗewa, inda dakarun ke rikicewa su afka wa mazauna lafiya, har su rushe ganuwar da aka sa su tsaro, mutum ya yi ta zawo da jini shekara da shekaru. Mu mutanen jihar Katsina ba sai an yi mana dogon bayani ba a kan abin da ke faruwa idan mai tsaro ya kasa bambance mai laifi da maƙwabci. Mun gani da idonmu, Allah Ya kawo mana ƙarshensa.

Yanzu bari mu dawo gida, domin ba don ku yi mamaki kawai na rubuta wannan ba.

Jariri yana zuwa duniya hanjinsa kusan fayau. Baƙinsa na farko daga jikin uwarsa yake samun su, lokacin haihuwa da lokacin shayarwa. Garkuwarsa kuma ba ta iya ƙera IgA isasshe tukuna. To ina zai samu? A cikin dakashi. Ruwan nonon nan na kwanakin farko, mai kauri mai rawaya-rawaya, cike yake da IgA na uwa, wanda jikinta ya ƙera daidai da cututtukan da ke gidan da yaron zai zauna. Allah Ya haɗa wa yaro kariya ta musamman, Ya aiko da ita a rana ta farko. Mu kuma me muke yi? A gidaje da yawa har gobe ana cewa dakashi ƙazanta ne, ko yana sa yaro ciwo, a tatse a zubar, a ba jariri ruwa ko madarar akuya ko wani jiƙo har kwana uku, wai sai nono ya wanku. Iyayena mata, kakanni, ungozomomi, da girmamawa nake tambayar ku: wace aya ce ko wane hadisi ne ya ce dakashi najasa ne? Na bincika iyakar iyawata a babin tsarki, nonon 'ya mace mai tsarki ne, na farkonsa da na ƙarshensa. Al'ada ce kawai, kuma al'adar da ke cutar da rai ba ta da hurumi a shari'a. Tahniki da ɗan dabinon da aka tauna sunna ne, ɗan shafawa ne a ganɗar yaro, ba ya hana a sa shi a nono cikin sa'ar farko kamar yadda likitoci ke nema.

Ga wani abin da ya sa na yi kabbara ni kaɗai a ɗaki. A cikin nonon uwa akwai wasu nau'o'in sukari fiye da 100, kuma su ne na uku a yawa a cikin daskararrun sinadaran nono, amma jariri ba ya iya narkar da su. To don wa aka zuba su? Don wata bakteriya mai amfani da ake kira Bifidobakteriya, wadda ke mamaye hanjin jariri mai shan nono ta hana miyagu wuri. Wato uwa tana shayar da ɗanta, tana kuma shayar da masu gadinsa, ita ba ta sani ba, shi bai sani ba. Wa ya tsara wannan in ba Mai hikima Masani ba? Shi ya sa ake cewa wata shida na farko nono zalla, ko ruwa kada a ba shi, domin nonon da kansa mafi yawansa ruwa ne, ruwan randa kuwa ba mu san abin da ya ɗauko ba. Masana sun ce al'ummar hanjin yaro ba ta kammala zama irin ta manya sai ya kai wajen shekara biyu zuwa uku. Suratul Baƙara, aya ta 233, ta ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ke son cika shayarwa, ta kuma ɗora ciyar da mai shayarwar a wuyan uba. Maza, wannan rabin ayar namu ne. Matar da ba ta ƙoshi ba kana ce mata ta shayar shekara biyu, kai kuma kana tsaye wurin mai shayi da ƙwai uku?

Zawon haƙori kuwa, likitoci sun ce fitowar haƙori ba ta kawo zawo mai tsanani. Abin da ke faruwa shi ne a daidai wannan lokacin yaro ke fara rarrafe, yana kai komai baki, an kuma fara ba shi koko da ruwa. Sai mu bar hannu da kwano da ƙuda, mu kama haƙori.

Sai maganar kafso, inda ni kaina na faɗi. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta, waɗanda ake kira antibayotik, ni'ima ce babba daga Allah, sun ceci rayukan da ba su ƙirguwa. Amma ba su da ido. Idan suka shiga hanji ba sa tambayar wane ne ɗan gari wane ne ɓarawo, share fage suke yi. Kuma mafi yawan zawon ruwa na ƙananan yara ba bakteriya ke kawo shi ba, wasu ƙwayoyi ne daban da ake kira bairos, musamman wanda ake ce wa rota, su kuwa antibayotik ba ya taɓa su ko kaɗan. Ka ga abin da muka yi wa jikana ke nan: ɓarawon yana nan daram, mu kuma mun bi masu gadi mun karkashe. Mun cinna wa rumbu wuta don mu kori ɓera. Daga baya na ji cewa kafson nan ja da yalo ba a ma ba yaron da bai kai shekara takwas ba, saboda yana ɓata haƙoran da ke tasowa. Sannan shan guda biyu a bari, kamar yadda muka saba, yana koya wa miyagun ƙwayoyin jure maganin, ranar da ake buƙatarsa da gaske sai ya ƙi ci.

Abin da ke kashe yaro mai zawo shi ne ƙarewar ruwan jiki. Maganinsa kuwa mai arha ne har mutane na raina shi: garin gishiri da sukari na leda da ake kira ORS, a zuba leda ɗaya a adadin ruwa mai tsafta da aka rubuta a jikinta, a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan, a haɗa da ƙwayar zink kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da ba shi nono da abinci, kada a ce a huta wa cikin. Idan an ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko yaro ya ƙi shan komai, ko yana amai ba tsayawa, ko ido ya zurma, to asibiti nan take. A can ne mai ilimin abin zai duba ya ce wannan na buƙatar antibayotik, kamar atuni, ko ba ya buƙata. Tun watan Agusta na 2022 kuma Najeriya ta sa rigakafin rota cikin rigakafin yara na yau da kullum, ɗigo ne a baki, kyauta. Jikana bai samu ba, domin ba wanda ya kai shi. Wannan ma laifinmu ne, mu mazan gidan.

'Yan uwana masu kemis, ina da kalma da ku, kuma da yawanku abokaina ne, kuna taimakon mutane a inda asibiti ya yi nisa. Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah sun ruwaito hadisi mai ma'anar cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba, to abin da ya lalata yana wuyansa. Malaman fiƙihu sun gina hukuncin lamuni a kan wannan. Idan uba ya zo ya ce a ba shi na ɗari biyu, ka ɓallo masa kafso biyu don kada ciniki ya wuce ka, alhali ka san ba haka ake sha ba, ka tanadi amsar da za ka bayar. Ka ce masa ga ORS ga zink, in bai tsaya ba a tafi asibiti. Ribar da ka rasa Allah Zai mayar maka ta wata hanya. Mu masu saye kuma mu daina ganin mai kemis ɗin da ya hana mu kafso a matsayin wanda bai iya aiki ba.

Na san wani zai kawo mini hadisin zuma. Gaskiya ne, Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Sa'idil Khudri labarin mutumin da ya zo ya ce cikin ɗan uwansa ya ɓaci, Annabi (SAW) ya yi ta umartar sa ya shayar da shi zuma har ya warke. Mun yi imani da shi ɗari bisa ɗari. Amma Ibnul Ƙayyim da kansa, a bayaninsa kan maganin Annabi, ya nuna cewa magani yana tafiya ne da irin ciwon da irin mai ciwon da kuma gwargwado. Likitoci sun yi gargaɗi kada a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, saboda tana iya ɗauke da irin wata ƙwaya da ke tsira a hanjin jariri ta shanye masa jiki. Babba ba ta yi masa komai, kun san dalili? Domin hanjinsa cike yake da mazauna, ba ta samun wurin tsira. Maganar dai ɗaya ce ta sake dawowa.

Bari in taɓa abinci kafin in tsaya. A shekarar 2010 wasu masana suka kwatanta bayan gidan yaran wani ƙauye a Burkina Faso, ana ce masa Boulpon, da na yaran birnin Florence a Italiya. Yaran ƙauyen abincinsu irin namu ne sak: gero, dawa, wake, ganye. Aka samu hanjinsu ya fi yawan nau'o'in bakteriya, ya kuma fi yawan sinadaran nan masu ciyar da ganuwar hanji. Tuwon dawa da miyar kuka, ɗanwake, kwaɗon zogale da na rama, fura da nono, daddawa: abin da muke jin kunyar a gan mu da shi idan baƙo ya zo daga birni. Yau yaro ya yi kuka sai a tura a sayo masa taliyar leda da lemon kwalba, a ce an ji daɗinsa. Tun 1908 wani masani ɗan Rasha, Metchnikoff, wanda ya samu kyautar Nobel a kan gano ƙwayoyin jikin da ke haɗiye cuta, yake kwaɗaitar da Turawa shan nono mai tsami. Mu ga kindirmo a ƙofar gida. Sharaɗi dai a tafasa madarar kafin a kwantar da ita, a wanke ƙwarya da ludayi, kada a tsinka da ruwan da ba a yarda da shi ba. Hadisin Miƙdamu ɗan Ma'adikariba da ke cikin Tirmizi, mai raba ciki kashi uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi, kowa ya haddace shi, aiki da shi ne ya gagare mu, musamman a buɗa-baki. Maganar nan kuwa da ake yawo da ita a WhatsApp, mai kiran ciki gidan cuta, malaman hadisi sun ce ba maganar Annabi (SAW) ba ce, ana danganta ta ga likitan Larabawa Harisu ɗan Kalada. A daina jingina masa ita.

Ina sane da cewa akwai gidajen da maganar zaɓen abinci ba ta ma taso ba, domin abincin ne babu. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce a wata shida na farkon 2025, yara sama da 600 suka rasu a cibiyoyinta na kula da tamowa a jihar Katsina. Tamowa da zawo kuwa tagwaye ne: zawo na lalata hanji ya kasa tsotsar abinci, yunwa na raunana ganuwa zawo ya sake dawowa. A ƙasar Malawi an yi bincike a kan tagwayen da ɗaya ya kamu da tamowa mai kumburi ɗaya bai kamu ba, aka fitar da sakamakon a 2013. Da aka ɗauki bakteriyar hanjin mai tamowar aka sa wa ɓeraye, aka ba su irin abincin yankin, sai ɓerayen suka rame. Ashe yaron da yunwa ta kama, har mazauna cikinsa sun tagayyara. Mai hatsi a rumbu, ga wurin zakka da sadaka a bayan katangarka. Tiya ɗaya ta wake ko ta gyaɗa ga gidan da ake yaye ta fi buhun shinkafar da za ka raba a gaban kyamara.

Kada kuma wani ya fahimce ni a baibai ya ce Malam ya ce ƙazanta lafiya ce. A'a. Masu amfanin daban, masu kisa daban. Kwalarar 2021 ta kama mutane sama da 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 3,500, kuma jiharmu na cikin waɗanda ta taɓa. Hanyarta ɗaya ce: bayan gidan wani ya shiga bakin wani. Annabi (SAW) ya hana yin bayan gida a kan hanya da inuwar da mutane ke hutawa da mashayar ruwa, ya kuma nuna abu ne mai jawo tsinuwa. Mu da ke tsarki da ruwa sau da yawa a yini, mu ƙara da sabulu ko toka bayan an fito daga bayi, da bayan an wanke wa yaro, da kafin a dama masa koko. Buta kaɗai ba ta gama aikin.

Jikana yanzu yana tafiya da ƙafarsa, alhamdu lillahi, sai dai ya daɗe kafin ya mayar da jikinsa, ya fi wata biyu cikinsa na ɓaci da abu kaɗan. Ledar magungunan nan ban yar da ita ba, tana nan a kan kantar littattafaina kusa da Risala. Uwarsa na da ciki yanzu, kuma na riga na zauna da kakarsa mun yi maganar dakashi. Ba ta amsa mini nan take ba, ta ce haka aka yi mata, haka ta yi wa 'ya'yanta tara. Na ce mata, "Hajiya, tara kika haifa, nawa suka rayu?" Ta yi shiru, ni ma na yi shiru, domin tare muka binne su.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.